Na'urar da Doña Remigia Ta Koya wa Ladabi

Bara muka binne Doña Remigia Tarqui, shi ya sa bakina ya buɗe. Da tana raye, ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗi abin da zan faɗa yanzu ba. Ni ce Casilda, mai miyar masara a hanyar hawa Dutse, nan Potosí. Rumfata tana kallon bakin ramin haƙar ma'adinan da Remigia ta yi gadi fiye da rabin rayuwarta, don haka babu abin da ya shiga ramin nan ko ya fito ban gani ba, da mai rai da gawa.

Daga wani ƙauyen arewa ta zo, ta biyo mijinta Zenón da tukunyarta da bargonta. Gajeriya ce, da baƙar hula da kitso har gadon baya, magana kuwa kamar sayenta take yi. Abin da kowa ya san ta da shi, ba ta cin komai ita kaɗai. Dukanmu nan muna ɗiga wa ƙasa barasa kafin mu kai baki, muna yayyafa wa sabon abu kafin mu mora, amma ita Remigia abin nata ya wuce misali. Sabuwar tukunya sai ta sha, rediyo sai ya sha, har takalmin roba. Na taɓa tsokanarta na ce, "Comadre, aminiyata, ke ko allura kika saya sai kin shayar da ita?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da yunwa kike yi wa mutane aiki?"

Yawancin mazanmu ƙura ce ke cinye musu huhu, a hankali, har mace ta gaji da jinya ta fara roƙon Allah ya kawo sauƙi ko ta wace hanya. Nawa haka ya tafi. Zenón bai samu wannan jinkirin ba. Iskar nan ce ta ɗauke shi, wadda ke kwanciya a ƙuryar rami bayan an tashi nakiya. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji kansa na sarawa, gwiwoyinsa su saki, ya ce bari ya ɗan zauna ya huta, shi ke nan. A cikin kurar kwasar dutse aka turo shi, kumatunsa jajir kamar wanda ya ƙoshi da barci. Remigia ba ta yi kururuwa ba ranar. Ta wanke shi da hannunta, kuma kafin makoki ya watse ta ɗauki guduma ta shiga cikin matan da ke fasa tsakuwa a jujin rami.

Da hannayenta suka gama tsagewa, sai ƙungiyar masu haƙa ta ba ta ɗakin gadi a bakin rami. Ɗaki ne na kwano, iska na shiga ta ko'ina, ga karnuka, ga kayan aikin maza da take tsarewa, ga fitilun kwalkwali da take sa wa caji. A nan ta reni 'ya'yanta, Nélida babba da ƙanenta Froilán. Tun daga ranar Zenón kuwa buri ɗaya ya rage mata a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: iskar nan ba za ta ƙara ɗaukar namiji daga ɗakinta ba.

Babu inda ba ta kai Froilán ba don ta raba shi da Dutse. Ta kai shi garejin makanikai, ta kai shi gidan burodi, har wajen wani ɗan'uwanta mai tuƙin babbar mota. Duk ya dawo. Ban ga laifinsa ba, a garin nan namiji ko ina ya juya Dutse ne a gabansa. Ya zama ƙato, mai faɗin ƙirji da dariya har hawaye, kwano ɗaya ba ya isarsa. Kullum da safe Remigia za ta tsaya a ƙofarta ta bi bayansa da kallo har duhu ya haɗiye fitilarsa, sannan ta koma aikinta kamar ba komai. Ni da nake kallonta na san ba ta numfashi sosai sai yamma ta yi.

Nélida kuwa kai ne da ita. Ta yi karatu har ta wuce jami'a a La Paz, ta samu gurbi a ɗakin gwaje-gwaje. Wani hutun bikin tunawa da matattu ta zo gida, muna zaune a rumfata ana shan kunun jar masara, sai uwar ta tambaye ta, "Wai ke me kike yi ne a can? Mutane na tambayata, ban san abin da zan ce ba."

Nélida ta yi dariya ta ce, "Mamay, kin san tutiyar da su Froilán ke haƙowa? Ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Idan aka ƙona ta, farar hoda take zama, irin ta man da ake shafa wa jarirai. To ni ita nake renowa. Ina dafa ta a ruwan magani, sai ta tsiro kamar allurai a kan wani ɗan faranti da bai kai farcenki ba."

Na ce, "Tabɗi! Wato duk wahalar da uwarki ta sha, noman allura ta tura ki? Ana cin su ne?"

Ta ciro waya ta nuna mana hoto. Abu kamar gonar sha'ir bayan girbi, tsinke-tsinke a tsaye ba iyaka. Ta ce ido ba ya ganinsu, silin gashi ɗaya ya ninka kaurinsu sau ba adadi. Idan aka ɗumama su da ɗan lantarki, duk iskar da ta sauka a kansu suna ji. In muguwa ce, wutar da ke ratsa su sai ta ƙaru, ƙararrawa ta ɗauka.

Remigia ta ajiye kofinta. "Har wadda ta kashe ubanki?"

"Ita muke nema, mamay. Amma ba mu gama ba."

"Kawo mini ɗaya."

"Mamay, na ce ba a gama ba. Malaminmu ma ba zai yarda ta fita daga ɗaki ba."

"Ƙanenki kullum yana ciki. Iskar ce za ta jira ki gama?"

Akwai irin na'urar ta kanti, ta ƙasar waje, amma tsadarta ba ta talaka ba ce. Ƙungiya na da guda, tana kulle a ofis, ba ta ganin rana sai masu duba rami za su zo. Don haka Remigia ta tasa 'yarta a gaba. Duk kiran waya maganar ke nan, ba gaisuwa ba sallama. Wanda ya san Remigia ya san ba a tsere mata. Nélida ta gaji, ta haɗa guda da kanta bayan tashi daga aiki, ta sa a wani ɗan akwatin roba kamar sabulun wanki, ta kawo.

Ina wurin ranar. Tana ajiye akwatin a kan tebur, Remigia ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbarta. Nélida ta yi tsalle ta rufe na'urar da tafin hannu. "Mamay, kada ki soma! Ruwa ko ɗigo ya shiga, ta mutu. Wannan ba tukunya ba ce."

Remigia ta mayar da kwalbar, amma na ga abin ya tsaya mata a rai. Sannan yarinyar ta yi mata bayani dalla-dalla. Kada ta jiƙe, kada ta faɗi. Da safe a fita da ita waje, nesa da hayaƙin murhu da na injin iska, a danna maɓalli, a jira jar fitila ta gama ƙiftawa ta koma kore. "A wannan ɗan lokacin take shaƙar iska mai tsabta ta riƙe a kanta. Da ita take auna duk sauran iskar ranar." Remigia ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa maimaita mata magana ba. Kowace safiya za ka gan ta a kan tudun tsakuwa, ta ɗaga akwatin da hannu biyu, sanyi na yanka ta, har sai kore ya kama. Sannan ta rataya wa Froilán a wuya da kanta.

Da farko abin ya yi kyau, har na ji kunyar tsokanar da na yi. Wata rana bayan an tashi nakiya suka koma ciki da wuri, na'ura ta tsala ihu. Suka ja da baya. Wani mai taurin kai da ya tsaya kwashe kayansa ya fito yana amai, aka kwantar da shi a gefen rumfata har la'asar. Daga ranar maza suka fara kallon ɗan akwatin da mutunci. Remigia kuwa har ƙiba ta ɗan yi.

Matsalar ta ɓullo ne a wajen Kawu, gunkin da ke cikin rami, wanda masu haƙa suka ɗauka shi ne mai Dutsen. Ranar Juma'a maza kan zauna a gabansa kamar yadda aka saba, a lungun da aka gina shi da laka, da ƙahonsa da bakinsa a buɗe. Su tauna ganyen koka, su kunna masa taba, su zuba masa barasa a ƙafa don ya saki arzikin Dutse ya kuma bar su da ransu. Ana buɗe kwalba, na'ura ta ɗauki kururuwa. Aka rufe, ta yi shiru. Aka sake buɗewa, ta sake ɗauka. Da suka fito, Don Saturnino shugaban ayarinsu yana riƙe da ciki don dariya. "Froilán, ashe yayarka 'yar sabon cocin nan ta ƙera mana, masu hana giya! Gobe kuma sai ta ce mu daina taba, mu riƙa tafi muna waƙa."

An yi dariya makon farko, an yi na biyu. Sai jijiyar tutiyar da suke bi ta fara sirancewa, dariya ta ƙare. Saturnino mutum ne da in ciniki ya yi kyau shi ne gwani, in ya ɓaci sai ya nemo mai laifi. Ya tsaya a gaban rumfata yana ɗaga murya don Remigia ta ji. "Ku ku gaya mini, wa za a riƙa yi wa ihu a fuska yana cin abincinsa, sannan ya yi kyauta? Kawu ya yi fushi. Dama aikin hannun mace ne, ga shi ko shayar da ita ba a yi ba. Froilán, ko ka bar ta a waje, ko ka nemi wani ayarin."

Na ce, "Don Saturnino, ranar da ta fitar da kai da ranka ba ka tambayi hannun wa ya yi ta ba."

Ya ce, "Ke dai ji da miyarki, Doña Casilda, yau ma gishiri ya yi yawa."

Froilán ya fara noƙewa. Da safe sai ya yi kamar ya manta, uwar ta bi shi da gudu har bakin rami. Ta kira Nélida, ita kuwa ta ce ai sun san da wannan, alluran ba su iya bambanta tururin barasa da muguwar iska ba tukuna. "Ku bar ta ta yi ihunta, mamay. Gara ta yi da yawa da ta yi shiru. Zan gyara a ta gaba." Magana ce mai kyau a La Paz. A bakin rami kuwa ba ta hana Saturnino korar yaro daga aiki.

Wata rana da hantsi Remigia ta zo ta zauna a bencina. Ta ce, "Comadre, na gano abin da ke damunta. Ana ba kowa a gabanta, ita ba a taɓa ba ta ba. Ko ke ce ai za ki yi kuka."

Na ce, "Ai Nélida ta ce kada ta jiƙe."

"Ba za ta jiƙe ba."

Ta zauna ta saƙa mata 'yar jaka ta ulu mai kauri, irin ta zuba koka, da ja da kore, ta bar ƙofa daidai hancin na'urar. Da safe a kan tudu sai ta yayyafa wa jakar barasa a kusurwa huɗu, ta zura akwatin a ciki, ta danna maɓalli, ta ɗaga tana addu'a har kore ya kama. Ko ɗigo bai taɓa robar ba. Hayaƙi babu, ƙura babu, duk abin da 'yarta ta ce ta kiyaye. Barasa kuwa a wajenmu ba ƙazanta ba ce. Da ita muke wanke ciwo, da ita muke tsarkake gida da gona da gawa. Da za ka tambayi kowace tsohuwa a Dutsen nan abin da ya fi komai tsabta, ita za ta nuna maka.

Juma'ar nan aka buɗe kwalba a gaban Kawu, na'ura ta yi tsit. Aka zuba, aka sha, aka sake zagayowa, ko ƙyas. Maza suka fito suna shewa. Saturnino ya cire kwalkwalinsa ya rusuna a ƙofar ɗakin gadi. "Doña Remigia, na sara miki. Abin da jami'a ta kasa, ke kin yi. Kin koya mata ladabi!"

Tsawon zamana da ita, ranar ce kaɗai na ga haƙoranta duka a waje. Ba ta gaya wa Nélida ba, don ta san faɗa za ta sha a kan camfi. Ta dai ce mata an daidaita, maza sun daina ƙorafi. Daga nan kullum sai na'ura ta karya kumallo kafin ta shiga aiki. Jijiyar ma ta sake faɗi, kamar da gayya. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa bayan nakiya ma ta daina kuka. Aka ce damina ce, iskar rami ta gyaru. Froilán ya riƙa fitowa da ciwon kai, ya ce giyar jiya ce, wani lokacin ya ce miyata ce.

Haka aka tafi har bikin Karnabal. Aka tashi nakiyar ƙarshe, aka kashe injin iska, aka rufe rami, kowa ya gangara gari rawa. Al'adar da muka tarar ita ce, ranar da za a koma, sai a kunna inji a tura tiyon iska ciki, a zauna a waje ana tauna koka har rana ta raba, sannan a shiga. Ko yaron goye ya san wannan. Amma biki ya wanke aljihun kowa, ga tutiya na tsada a lokacin, kowa na ɗokin ya ga dutse a kura. Saturnino ya ce, "Zaman me za mu yi kamar masu makoki? Ba ga na'ura ba? Froilán ya wuce gaba ya dubo mana. In ta yi kuka ya dawo, in ta yi shiru mu bi shi."

Abin da uwa ta nemo da naci don ya tsare mata ɗa, shi ya sa aka tura ɗan nata gaba.

Da yake safiyar bayan biki ce, an yi wa komai ado. Kura da inji da ƙofar rami duk an naɗe su da zaren takarda mai launi, an yayyafa musu barasa. Remigia ta ba jakar na'ura rabon biki, har ulun ya yi duhu. Froilán ya tsaya a rumfata ya shanye kwanonsa a tsaye, idanunsa jajir don rashin barci, takardun biki a wuya.

Ya ce, "Doña Casilda, ajiye mini ƙashin nan mai ɓargo. In na fito na tarar kin ba wani, mun ɓata."

Na ce, "Tafi can, acici. Wace mace ce za ta iya ciyar da kai?"

"Ai shi ya sa nake jira ki amsa mini."

"Ja'iri! Na yi maka wanka kana tsirara."

Ya tuntsire da dariya, ya sunkuya uwarsa ta rataya masa jakar, ya shiga.

Sauran suka ɗan jira. Da ba su ji ya dawo ba, suka ce lafiya ke nan, suka bi shi. Ban gama wanke kwanuka ba sai na ji ana buga ƙarfen dogo daga ciki, bugun neman agajin da duk macen Dutsen nan ta sani. Saturnino aka fara fitowa da shi, ana jan sa ta hammata, ƙafafunsa na shara ƙasa. Aka kunna inji a guje, aka ja tiyo, maza suka ɗaure jiƙaƙƙen tsumma a hanci, wanda ba ya tsare komai. Sun ce a ƙuryar suka sami Froilán a zaune, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu. Koriyar fitila na ci a ƙirjinsa.

Remigia tana tsaye a ƙofarta lokacin da kura ta fito. Ta taka a hankali ta leƙa. Ta cire masa jakar daga wuya, ta dubi koren nan, ta danna maɓalli ta kashe kamar yadda aka koya mata, ta ajiye a kan dutse inda ba za ta faɗi ba. Sannan ta buɗe baki. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan sautin ba, kuma ba na fatan in sake ji. Karnukanta duk suka shige ƙarƙashin kwano.

Kafin Nélida ta sauka daga motar La Paz, gari ya gama yanke mata hukunci. A wajen jana'iza mata na zunɗenta da baki. Saturnino, wanda ya kamata ya ɓoye fuskarsa, shi ne mai cewa dama shi tun farko bai yarda da abin ba. Na watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa, kuma da za a maimaita sai in haɗa da bokitin.

Bayan an binne shi, yarinyar ta zo rumfata da na'urar a hannu, ba jaka. Ta rame ta yi zuru-zuru. Ta ce, "Doña Casilda, zo ki zama shaida, don ni na daina yarda da idona." Ta hau tudu ta kunna, kore ya kama. Muka zagaya bayan ma'ajiyar kaya inda wata motar kwasar dutse ke tsaye tana ruri. Ta kai hancin na'urar kusa da hayaƙin. Nan take ta tsala ihu.

Ta ce, "Kin ji? Lafiyarta ƙalau. To me ya sa ta yi shiru?"

Muka koma ɗakin gadi. Remigia na zaune a bakin gado cikin baƙaƙen kaya. Nélida ta durƙusa a gabanta ta ce, "Mamay, nuna mini yadda kike tashinta da safe."

Tsohuwar ta miƙe ba musu. Ta ɗauko jakar ulu da kwalbarta, muka bi ta kan tudu. Ta yayyafa kusurwa huɗu, a tsanake, tana kare akwatin da gefen mayafinta don kada ɗigo ya taɓa shi. Ta zura shi, ta danna, ta ɗaga sama. Jar fitila na ƙiftawa, warin barasa na dukan hancinmu. Na dubi Nélida, na ga ta kafe jakar da ido. Da kore ya kama ta karɓa ta ce, "Jira ni nan, mamay."

Na bi ta bayan ma'ajiya. Ta cire akwatin daga jaka ta ɗan kaɗa shi a iska, ta kai shi bakin hayaƙin nan dai na ɗazu. Shiru. Ta matsa har hayaƙin na sa ta tari. Kore na nan yana ci abinsa. Sai ta sulale ta zauna a cikin taɓo.

Ta ce, "Barasa ta shaƙa tana farkawa, ta ɗauka ita ce iska mai tsabta. Duk abin da bai kai ta ƙarfi ba, lafiya ne a wajenta. Tun yaushe mamay take yin haka?"

Na gaya mata. Ta haɗa kai da gwiwa. Da ta ɗago sai ta kama zanena ta ce, "Ki rantse mini ba za ta ji ba. Ita ce ta rage mini. In ta sani, ba za ta kai gobe ba." Na rantse.

Remigia na nan tsaye inda muka bar ta, kwalba a hannu, iska na kaɗa mata siket. Ta dubi 'yarta ta ce, "Na yi daidai ko? Ban taɓa bari ta jiƙe ba. Ban taɓa yar da ita ba."

Nélida ta ce, "Kin yi daidai, mamay. Alluraina ne ba su da kyau. Ni ce na kawo abin da ban gama ba."

Tsohuwar ta dube ta. Sannan ta gyaɗa kai kamar wadda aka tabbatar mata da abin da ta riga ta sani. "Na yafe miki," in ji ta. "Amma kada ki ƙara yi wa ɗan wata."

"To, mamay."

Ba ta koma La Paz ba sai don kwaso kayanta. Ta samu koyarwa a wata makarantar firamare a gindin Dutse, ta sauko da uwarta daga ɗakin kwano, ta kama musu ɗaki mai ƙofar kirki. Ita ce wanka, ita ce girki, ita ce kai ta asibiti da ƙafafunta suka gaza. Remigia ba ta taɓa zaginta ba, amma ba ta ƙara kiran sunanta da muryar da take kira a da ba. Mutanen gari kuwa har yanzu akwai masu nuna ta da baki, su ce ga wadda ilminta ya ci ƙanenta. Sau da yawa magana ta zo mini har maƙogwaro, in haɗiye ta da ƙyar.

Watanni kaɗan kafin rasuwarta, Nélida ta kawo ta rumfata a tasi, don ta ce miyata take marmari. Benci cike da mata. Hannun Remigia na rawa, 'yar ce ke ba ta a baki. Wata baƙuwa da ba ta san komai ba ta ce, "Kai, Doña, kin yi dacen 'ya."

Remigia ta haɗiye ta ce, "Wannan da kike gani, ita ta kashe mini ɗana. Amma ga ta nan ki tambaye ta, ban taɓa faɗa mata baƙar magana ba."

Nélida ta sa gefen tsumma ta goge wa uwarta haɓa, ta sake ɗebo miya ta hura.

"Gaskiya ne, mamay," in ji ta. "Buɗe bakin."